Ciwon Sukari: A Koya Wa Ma'aikaci Kafin A Tura Masa Majinyaci

Duk wanda ya saba shiga manyan asibitocin jihohin Arewa ya san cewa layin masu ciwon sukari ƙara tsawo yake yi kowace shekara. Ciwon da a da ake ce wa cutar attajirai da manyan ma'aikata, yau ga shi a gidan manomi, ga shi a gidan ɗan dako, ga shi har a ɗakin kwanan ɗalibai. A ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar cikin 2021, an ƙiyasta cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, fiye da rabinsu kuwa ba su ma san suna da shi ba. An kuma yi hasashen adadin zai kai miliyan 55 a shekarar 2045. Nijeriya kaɗai an ba ta fiye da miliyan uku da rabi a cikin wannan lissafi.

In an tashi maganar wannan ciwo, abin da ake fara ambatawa shi ne tsadar magani da ƙarancin likitoci da rashin kayan aiki. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani giɓi da ba a cika kula da shi ba, watau halin ma'aikacin lafiyar da aka ɗora wa kula da masu ciwon sukari alhali ba a taɓa zaunar da shi an koya masa aikin ba. Nas ce da ta yi shekaru a ɗakin haihuwa, rana ɗaya takarda ta fito an mayar da ita sashen masu sukari. Ko kuwa saurayi ne da ya gama makarantar koyon aikin lafiya bara, aka tura shi ɗakin shan magani na ƙauye, inda shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne mai awo. A hannun irin waɗannan mutane rayuwar mafi yawan masu ciwon take, saboda haka horar da su shi ne aikin da ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su sa a gaba.

Dalili kuwa shi ne ciwon sukari ba kamar zazzaɓin cizon sauro yake ba, wanda za a ba mutum ƙwayoyi na kwana uku ya sha ya miƙe. Ciwo ne na zama tare har iyakar rai. A ɗauka majinyaci yana zuwa asibiti sau huɗu a shekara, kowane zuwa ana ba shi minti goma sha biyar, wanda kuwa ya san cunkoson asibitocin gwamnati ya san an yi masa karamci. Jimla awa ɗaya ke nan cikin awa 8,760 da ke cikin shekara. Sauran lokacin duka shi ne likitan kansa: shi zai zaɓi abin da zai ci, shi zai tsira wa kansa allura, shi zai gane ko jirin da yake ji na yunwa ne ko na halaka. Ke nan babban abin da ma'aikaci zai ba shi a wannan awa guda shi ne ilmi, kuma wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi.

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce. Tun kafin Banting da Best su gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada cikin 1921, wani likita a Boston ta Amurka, Elliott Joslin, ya riga ya rubuta littafin jagora domin majinyata su karanta da kansu, kuma daga baya ya riƙa aika nas-nas gida gida suna koya wa iyalai awon abinci da yin allura. Daga irin wannan tushe ne koyar da masu ciwon sukari ya zama sana'a mai zaman kanta a ƙasashe da yawa, da jarrabawarta da takardar shaidarta. A nan kuwa har yanzu ana ɗaukarsa wani ɗan jawabi ne da kowa zai iya yi wa majinyata da safe kafin likita ya iso.

Ƙwararrun likitocin wannan fanni ba su da yawa, kuma galibinsu suna asibitocin koyarwa ne, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da na Maiduguri. Mutumin ƙauye ba ya isa gare su sai abu ya ɓaci. Wanda yake fara gani shi ne jami'in lafiya da ya fito daga makarantu irin na Maƙarfi ko Kankiya ko Jahun ko Ningi. An gina tsarin horar da waɗannan jami'ai ne a kan manufar kiwon lafiya matakin farko da duniya ta amince da ita a taron Alma-Ata na 1978, wadda marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi tsayin daka a kanta lokacin da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Abokan gaba na wancan zamani su ne gudawa da ƙyanda da tamowa da mace-macen mata wurin haihuwa, an kuwa horar da ma'aikata daidai da su. Ba laifin kowa ba ne in wanda aka shirya domin wancan yaƙi ya rasa ta cewa a gaban dattijo mai sukari da hawan jini da gyambo a ƙafa. Laifin yana zuwa ne in an ga haka aka ci gaba da tura shi ba shiri.

Kuskuren sabon ma'aikaci a wannan fanni yana iya kashe mutum cikin awa kaɗan. Na'urorin awon sukari da ke kasuwa iri biyu ne, wasu suna ba da sakamako da ma'aunin miligiram, wasu da ma'aunin milimol, tsakaninsu kuwa ninki 18 ne. Mai lafiya da bai karya kumallo ba, wata na'ura za ta nuna masa 90, wata kuwa 5, duk abu ɗaya suke nufi. Wanda bai san wannan ba yana iya ganin 20 ya ɗauka sukari ya faɗi ƙasa, alhali a ɗaya ma'aunin 360 ke nan. Haka kuma insulin akwai mai ƙarfin 40 akwai mai ƙarfin 100, kowanne da sirinjinsa. In aka zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40, majinyaci ya sami ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Waɗannan abubuwa ba sa bukatar digiri, amma suna bukatar wani ya riƙe hannun ma'aikaci ya nuna masa.

Sai kuma faɗuwar sukari, wadda ta fi hawansa saurin kisa. Mutumin da ya sha ƙwayar gilibenkilamaid ko ya yi allura bai ci abinci ba, sai gumi ya karyo masa, jiki ya ɗau rawa, magana ta rikice, wani ma ya yi ta faɗa kamar mai maye. A gida sai a ce iska ce, a kama tofi da hayaƙi. Tilas ne ma'aikaci ya san cewa duk awon da ya gaza 70 haɗari ne, ya san cewa cokali guda na sukari a cikin ruwa yana iya dawo da mutum hayyacinsa cikin minti goma sha biyar, ya kuma san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa kome a baki. Ya kamata ya koya wa matar majinyaci da 'ya'yansa wannan tun ranar farko, domin su ne za su kasance a wurin da tsakar dare. Ɗaya gefen kuma shi ne yaron da aka kawo yana amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, ya rame cikin makonni kaɗan, yana yawan shan ruwa da fitsarin kwance. A wurin da kowane zazzaɓi na sauro ne ko taifot, irin wannan yaro yakan sha maganin da ba nasa ba har rai ya yi halinsa, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa ya tona asirin ciwon.

Inda ilmin littafi ya fi gazawa shi ne wajen abinci. Littattafan da ɗalibai ke karantawa an rubuta su ne domin mutanen da ke cin burodi da dankalin Turawa, kowa da farantinsa. Majinyacin Arewa kuwa tuwon masara ne da dare, ɗumame ko koko da safe, fura da rana, kuma a kwano ɗaya yake ci da 'yan'uwansa. Sabon ma'aikaci da bai san yadda zai sasanta waɗannan biyu ba, sai ya kama hanya mafi sauƙi, watau hani. Kada ka ci shinkafa, kada ka ci tuwo, kada ka sha fura, sai wake da acca da alkama. Talaka ya koma gida ya ga ba shi da kuɗin acca, ya jure mako biyu yana cin wake safe da yamma, sa'an nan ya yi watsi da maganar asibiti gaba ɗaya, har da maganin. Alhali kuwa alkama da acca su ma hatsi ne, in aka cika ciki da su sukari zai hau. Abin da ya kamata a koya wa ma'aikaci shi ne maganar yawa da haɗi: a rage malmalar tuwo, a yawaita miyar ganye, kuka ko kuɓewa ko zogale ko alayyafo, a raba abinci kashi-kashi cikin yini maimakon a tara shi a dare, a yi nesa da lemon kwalba da shayi mai kauri da zoɓon da aka cika wa sukari. Ya kuma san amsar da zai bayar in an ce masa zuma ba ta da laifi tunda magani ce, ko an ce shuwaka da garafuni suna wanke ciwon tunda ɗaci ne kishiyar zaƙi. Amsar tana bukatar ladabi, domin wanda aka yi wa dariya a kan abin da ya gada ba ya dawowa.

A nan akwai wani abu da mai zaman ofis ba zai tuna ba. Magidancin da aka yi wa dogon bayani a asibiti ba shi ne ke riƙe da muciya ba. In ba a gayyato uwargida an yi mata bayani ba, in kuma gidan mata biyu ne ko uku ba a gayyato kowace ba, to an yi shuka a idon makwarwa. Haka nan matar da ke da ciwon, sau da yawa ba ta da ikon sauya cefane sai da yardar maigida.

Maganar ƙafa ita ma babban darasi ce. Sukarin da ya daɗe yana hawa yakan kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai ji ba. A lokacin hunturu faso yana tsaga dunduniya, tsofaffi kuma suna miƙa ƙafa ga kaskon wuta, sai su ƙone ba su sani ba. Daga ɗan ƙaramin rauni sai gyambo, daga gyambo sai a kai wa wanzami ko a yi ta barbaɗa gari, ba a zuwa asibiti sai ƙafa ta yi baƙi, likita kuwa ba shi da abin yi sai yankewa. Mafi yawan wannan asara ana iya kauce mata in ma'aikaci ya saba da cewa kowane majinyaci ya tuɓe takalmi a duba. Akwai wani ɗan siririn zaren roba da ake taɓa tafin ƙafa da shi a gane ko jijiya ta fara mutuwa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, koyon amfani da shi kuma bai wuce rabin awa ba. Ma'aikacin da ya san mutanensa zai ga cewa Musulmi yana wanke ƙafarsa sau da dama a yini domin alwala, saboda haka ba sai an ƙirƙiro masa sabon lokacin duba ƙafa ba. A ce masa kawai ya duba tsakanin yatsu, ya tsane su da ƙyalle, ya shafa mai a dunduniya, ya daina yanke farce da reza, ya zazzage takalmi kafin ya sa.

Azumin watan Ramadan kuwa jarrabawa ce da ke zuwa wa ma'aikaci kowace shekara. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, amma mutane da yawa ba sa yarda su sha azumi, kuma in sun ga ma'aikaci zai hana su, sai su ɓoye masa su yi abinsu. Likitoci da malaman addini na ƙasashe da dama sun zauna sun fitar da jagora a kan wannan cikin 2016, suka sabunta ta cikin 2021. Ta tanadi a ga majinyaci makonni shida zuwa takwas kafin azumi, a tantance wanda azumi zai yi wa illa ƙwarai da wanda zai iya, a sauya lokutan shan magani, a kuma gaya wa mai azumi ya karya nan take in awonsa ya gaza 70 ko ya haura 300. Ta kuma bayyana cewa tsira yatsa domin awo ba ya karya azumi. Ma'aikaci nawa ne a ɗakunan shan magani na karkara suka taɓa jin labarin wannan jagora? Ga ta a rubuce, abin da ya rage shi ne a mayar da ita Hausa, a koyar da ita cikin Rajab, a kuma jawo limamai cikin aikin, domin kalma ɗaya daga mumbari ta fi jawabi goma a farfajiyar asibiti.

Akwai kuma tambayar da kowane mai yin allura a ƙauye zai yi: ina zan ajiye insulin ba ni da firiji, wutar lantarki kuwa sai an gan ta? Ma'aikacin da ya haddace littafi zai ce sai firiji, daga nan majinyaci ya yanke ƙauna. Amma wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da Jami'ar Geneva, aka buga cikin 2021, ya nuna cewa kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a yanayin zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya. Zafin bazara a Sakkwato ko Nguru yakan wuce haka, amma ƙasar da ta san randa ba ta rasa dabara ba. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa domin adana kayan lambu har ya sami lambar yabo ta Rolex cikin 2000, tana saukar da zafi ƙwarai. Irin wannan ilmi ne ke raba ma'aikacin da aka horar domin wurin da yake aiki da wanda aka horar domin cin jarrabawa.

To, yaya za a yi horon? Hanyar da aka saba an san ta. A kira taron bita na kwana uku a otal a babban birnin jiha, a zaɓo mahalarta, sau da yawa manyan jami'an da rabonsu da taɓa majinyaci an daɗe, a yi ta nuna musu rubutu a bango da Turanci, a raba jaka da alawus, a ɗauki hoto a watse. Wanda ya halarta ya koma ya sa takardun a durowa. In ma an dace an horar da wanda ya cancanta, bayan wata shida sai takardar canjin wurin aiki ta fito, a kai shi sashen ƙashi, a kawo wani sabo fil a fara daga farko. Wannan ɓarnar kuɗin jama'a ce, kuma manyan sakatarori da daraktocin ma'aikatun lafiya suna da ikon tsayar da ita da alƙalaminsu, ta hanyar ƙa'idar cewa wanda aka horar a wannan fanni zai zauna a cikinsa shekaru kafin a taɓa shi, kuma ba zai tashi ba sai ya koya wa magajinsa.

Aikin hannu a wurin aiki ake koyonsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a tura sabon ma'aikaci ya yi makonni a sashen masu sukari na babban asibiti, ya zauna kusa da wadda ta ƙware, ya ga yadda take tambaya da yadda take saurare, ya duba ƙafafu da hannunsa, ya yi wa majinyaci bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci a gabanta ta gyara masa. Ya koyi cewa bayani bai kammala ba sai majinyaci ya maimaita shi da bakinsa, ya kuma zuƙi allurar da hannunsa an gani. Ya koyi barin faɗa da tsoratarwa, gama wanda aka kunyata a gaban jama'a saboda awonsa ya hau, wata mai zuwa ƙarya zai yi ko ya ƙi zuwa. Bayan ya koma wurin aikinsa kuma a riƙa kai masa ziyara, a ba shi lambar wayar likitan da zai tuntuɓa. Ƙasar nan ta riga ta gwada irin wannan a yaƙi da cutar ƙanjamau, inda aka horar da masu ba da shawara kan shan magani kullum, aka kuwa ga amfaninsu. Kada kuma a manta da ungozomomi, domin akwai sukarin da ke tasowa da juna biyu, da ma'aikatan sashen tarin fuka, domin mai sukari ya fi saurin kamuwa da shi, da masu kemis, waɗanda su ne asibitin farko na yawancin talakawa ko an so ko an ƙi.

Wasu likitoci suna ganin haɗari ne a sakar wa ƙananan ma'aikata wannan aiki. Damuwarsu tana da tushe, amma aikin ya riga ya faɗa hannun ƙananan ma'aikatan tun tuni, tunda babu wani a wurin sai su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin kula da irin waɗannan cututtuka a ƙananan asibitoci tun 2010, Nijeriya kuma ta amince da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya cikin 2014. Horo na gari shi ne ma zai koya wa ma'aikaci iyakarsa, ya san mai juna biyu da yaro ƙarami da mai gyambo da wanda ƙodarsa ta fara taɓuwa ba nasa ba ne, nasa shi ne ya tura su gaba da wuri.

Maganar kuɗi kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, ta kuma keɓe wani kaso daga ciki domin inganta ma'aikata. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, kuma babu inda ya fi cancanta wani abu daga wannan haraji ya tafi kamar yaƙi da ciwon da zaƙin ke haddasawa. Sai dai horo ba tare da kayan aiki ba wahala ce kawai. Ma'aikacin da aka koya wa awo aka ba shi na'ura ba tsinken gwaji, cikin wata uku zai manta abin da ya koya.

Cikin 2022 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, sun ɗauki alkawari a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya cewa zuwa 2030 za a gano kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon sukari, kuma kashi 80 na waɗanda aka gano za a shawo kan sukarinsu. Ɗalibin da zai shiga makarantar koyon aikin lafiya yana bukatar shekara uku kafin ya fito. In ana so ya fito da abin da zai taimaka wajen cika wannan alkawari, hukumomin makarantun da majalisun da ke tsara musu manhaja ba su da sauran lokacin jira, kuma ya kamata kwamishinonin lafiya su nemi a kawo musu lissafin ma'aikata nawa ne a kowace ƙaramar hukuma suka taɓa samun wannan horo kafin a rufe kasafin kuɗi na gaba.